Naum Lvovich da na'urar aljihunsa

Ranar Talata, bakwai ga Nuwamba, 2006, labari ya iso benenmu a Ashdod cewa ka cika a asibiti, Naum Lvovich, maƙwabcina na shekara goma sha huɗu. Ni aka ɗora wa rubuta yabonka, don na koyar da adabi a Gomel, garin da muka baro, kafin in zama mai gadin kanti a nan. Zan yi iyakar ƙoƙarina.

Kai ne mutum na farko a cikinmu da ya sayi na'urar fassara, 'yar baƙa mai murfi, wadda kake latsa mata Rashanci ta furta da Ibrananci ko Turanci. Mu muna zaune a ajin koyon harshe, furfura a kai, muna maimaita sunayen kayan miya. Kai kuwa sai ka dafa aljihun rigarka ka ce, "Ku yi ta haddar tumatir, farfesoshi. Ni malamina batir yake ci."

Ba ka da rowa, wannan kam shaida ce. Duk wanda takardar hukuma ta rikita, kana karanta masa, bayan ya sha shayinka ya saurari tarihin masana'antar da ka taɓa shugabanta. Mutum ɗaya kawai ka hana taɓa na'urar: matarka Fanya.

Shekara ashirin Fanya ta yi tana aikin jinya a Gomel. Abin da ya rage mata ta koma aikinta a nan shi ne harshe da jarrabawa. Ka ce gida ɗaya baki ɗaya ya ishe shi. Ta koma wanke matakalar benaye. A gabana, a ɗakin likita, ka latsa, na'urar ta faɗa da muryarta ta ƙarfe: "Matata ba ta gane komai. Yi magana da ni." Fanya ta yi murmushi, ta gyara maka kwalar riga.

Ranar jana'iza na riƙe na'urar don in taimaka wa Fanya. Bayan an rufe ka, dattijon da ke jagorantar binnewa ya juyo ya ce, bisa al'ada yanzu za a nemi gafarar mamaci a madadin iyali, ko an taɓa saɓa masa. Na fara laluben maɓallai.

"Mayar da abin nan aljihu, Grisha," in ji ta. Sannan ta dubi dattijon, ta ce da Ibrananci tsaf, wanda ya fi nawa: "A madadina kada ka nema. Shi ya fara neman tawa."

Dattijon ya jira. Mu ma muka jira. Kai da ba ka taɓa barin wani ya rufe zance ba, ka yi shiru.

Daga baya ta gaya mini cewa a bakin matan benayen da take wankewa ta koyi harshen, tun shekararmu ta biyu. Na ce, to me ya hana ki jarrabawar? Ta ce, "Da wane izini? Yanzu kuma shekarata sittin da uku, wa zai ba ni allura in riƙe?"

Ubangiji ya jiƙan ka, Naum Lvovich, ya yi maka sassauci, domin inda ka je kowa da bakinsa yake amsa tambaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanku Lyova da ke Toronto, wanda aiki ya hana shi zuwa. Ke kuma Fanya, Allah ya ba ki haƙuri, in akwai sauran wanda ba ki riga kin ƙarar ba.