Alhaji a Kan Igiyar Shanya

Hajiya Haula ta tsufa tana sayar da atamfa a babbar kasuwar garin Garwa, kuma ba ta taɓa yarda da abin da aka rubuta a bakin zane ba. Dillali ya kawo kaya, sai ta jiƙa gefen da yawu, ta murza a farin hankici, ta ɗaga wa rana. In ya zuba, ta miƙa masa abinsa tana ci gaba da hirarta da maƙwabciya.

Abu ɗaya ne ya zuba mata a cikin gida: hoton mijinta, marigayi Alhaji Mas'udu. Shi ke nan hotonsa a duniya, yana rataye a falo inda ranar la'asar ke dukansa. Babbar rigar ce ta fara koɗewa, kumatu suka bi. Ranar da wata baƙuwa ta tambaya me ya sa aka ɗauki hoton hula, Hajiya ta yi dariya tare da kowa. Da aka watse ta rufe ido don ta tuno hancin Alhaji, sai ta ga ba ta da tabbas.

Ta naɗe hoton a mayafi ta kai wa Rodrigue, mai shagon hoto a bayan kasuwa. Ya sa shi a kwamfuta, ya yi ta lallaɓawa har fuskar ta dawo. Sannan ya baje mata takardu iri-iri, ciki har da mai sheƙi, mai santsi, da wata mai kauri marar ƙyalli.

"Wannan ta auduga ce zalla, Maman," in ji Rodrigue, wanda ke kiranta uwa da Faransanci. "Daga Turai take. Shekara ɗari ba ta canza launi."

"Wa ya zauna ya gani?"

"An rubuta a kwalin."

"An rubuta," ta ce, tana jinjina kai. "Audugar ma wataƙila ta gonakinmu na Tuboro ce, ta je ta koyo Faransanci ta dawo. Buga mini shi a kowacce, ɗana."

Rodrigue ya buga mata, ya ɗauka za ta je ta kwatanta launi ne a natse. Da ya kai mata firam na sa hoton bayan 'yan kwanaki, sai ya tarar da Alhazai jere a igiyar shanya, tsakanin zanen gado da ɗankwali, kowanne an maƙale shi da abin shanya a hula. Wani ya sha sabulu. Wani ya sha dutsen guga, kunnensa ya narke. Mai sheƙin ya ɓare kamar albasa.

"Maman, hoto ba a wanke shi."

"Ai ba wanki nake ba, tambayarsa nake."

"Ba a kuma barinsa a rana."

"Garwa ce nan. Ina za a kai ranar?"

Ta sauko da na audugar. Ya ɗan lanƙwashe, amma Alhaji na nan daram, har da guntun murmushin da yake yi in an taya masa kaya da arha. Ta goga farin hankici a gemun, ta duba, ba ta ga komai ba.

"Wannan," ta ce. "Sabo, babba."

Da ya kawo sabon, ya zo da guduma da ƙusa. Hajiya ta karɓi hoton, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta buɗe adakar da take ajiye zannuwan da ba ta taɓa ɗinkawa ba, ta sa shi can ƙasa.

"In a duhu zai zauna, ai kowace takarda ta isa," Rodrigue ya ce, guduma a hannu.

"Mai kyau ba a barinsa a waje. Ka rataye mini wancan."

Ta nuna mai narkakken kunne. Sauran ma ta kasa zubarwa, tunda fuskar Alhaji ce, don haka suka samu wuri a bango su ma.

Baƙi yanzu suna tarar da Alhazai da yawa a falon, ba ɗaya mai lafiya. Ran Juma'a Hajiya takan buɗe adaka, ta ɗaga zannuwan, ta ɗan duba. Hancin kuwa, ashe ya fi yadda take zato girma.