Tankin Babur Ɗaya Don Inna Dije

Cikin shekarun da na yi ina aiki a wani gidan mai a Tudun Wada, Gusau, akwai ranar da har gobe ba za ta fita raina ba. Bayan korona ta lafa ne, lokacin da hukuma ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro. Ga wanda bai san aikinmu ba, manaja ne a sama, ni mai kula da famfuna ina bi masa, sai masu zuba mai. Dokar a fili take: mai sai a tankin mota ko na babur. Aka kama ku da jarka, a rufe gidan man.

Bayan azahar wata ma'aikaciyar jinya, Malama Rabi, ta iso da jarka a hannu. Ta ce daga wani ƙaramin asibiti take a gefen Bungudu. Kwana uku ba wuta, man janareta ya kusa ƙarewa, ga wata tsohuwa a kan na'urar da ke taimaka mata numfashi. Tun da korona ta kama ta ƙirjinta bai koma daidai ba.

Na kai ta wurin manajanmu, Alhaji Sani. Mutum ne mai tsoron Allah, amma tsoron hukuma ma ba a bar shi a baya ba.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Wagga doka ba mu munka yi ta ba. In sunka rufe wurin ga, mi zan ce ma ma'aikata?"

Ba ta yi gardama ba. Ta tsaya tana jujjuya jarkar, idonta ya ciko.

Na ce, "Alhaji, babur ɗina fa? Ai yana da tanki."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Garba, abin da yas shiga tankinka naka na. Ka gaishe da mai jiki."

Na cika tanki, ta hau baya, muka kama hanyar Bungudu. Mun tarar da janareta yana shiɗewa yana farfaɗowa. Na zura tiyo a tankin babur, na zuƙo man da baki yadda direbobi ke yi. Ni da kullum nake hana masu zuba mai wannan ɗabi'a, sai ga shi na kurɓi rabona. Na yi tari har da hawaye, amma da muka juye man, janareta ya miƙe.

Da na leƙa ɗakin da tsohuwar take, sai na gane ta. Inna Dije ce, Bafulatanar da ta yi shekara da shekaru tana sayar mana da fura da nono a bakin gidan manmu, daidai inda hayaƙin motoci ke bugun ta. Ta daina zuwa tun lokacin kulle, ba wanda ya tambaya. Layin motoci ya dawo, ciniki ya buɗe, muka ɗauka kowa ya warke. Wallahi kunya ta rufe ni.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Garba, kai na? Na ji warin fetur, na san mutanena sun zo." Ta juya ga ɗiyarta da ke jinyarta. "Ba shi nono, ya sha mai."

Malama Rabi ta ce nono ba maganin fetur ba ne. Na sha duk da haka, ina ɓoye fuskata a ƙwarya.

Daga baya Inna Dije ta samu sauƙi, ta koma ruga, sai dai ba ta sake ɗaukar ƙwaryar talla ba.

To ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku ji. Mun ƙware wajen gane tanki ya yi ƙasa tun kafin ya bushe, amma mace ta ɓace daga ƙofarmu fiye da shekara ba mu nema ba. Tun daga ranar, duk wanda muka saba gani, mai shayi ne ko mai faci, in ya kwana uku bai zo ba, da kaina nake zuwa in dubo shi.