Tafiyar da Na Ɓoye wa Kafinta

Da Allah zai mayar da ni baya, ba wani babban abu zan gyara ba. Bakina kawai zan buɗe in gaya wa Kafinta cewa zan tafi.

Ni mutumin Kano ne, aikin fata na gada, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Maigidana da ke tura fatun awaki Italiya shi ya aika ni wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar, inda ake jima, in riƙa tsayawa ana ware kaya don a rage gardama kan mai kyau da mai huji. Na je da furfura a gemuna. Garin a gindin dutse yake, da coci ɗaya da fili a tsakiya inda tsofaffi ke zama da yamma. Warin jima har cikin gari, shi ya sa baƙunta ba ta dame ni sosai ba. Hancina ya ɗauka a majemar gida nake.

Kafinta maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa. Ya girme ni, matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a Jamus. Ya daɗe da ajiye aikin katako, amma da sana'ar ake kiransa a garin, ni ma na mayar da ita Hausa na liƙa masa. Shi kuma ya ji ana ce mini Alhaji a waya, ya riƙe. Ranar da muka fara haɗuwa ƙofar ɗakina ce ta ƙi rufuwa, ina ta dukanta da kafaɗa. Ya fito da kayan aikinsa, ya ture ni gefe yana faɗa, ya gyara ta. Sai da na fara jin harshensu ya gaya mini abin da ya ce a ranar: wai wannan baƙon da ƙofa yake dambe ko da aljani?

Daga nan muka zama abokan wasa. Da yamma mu zauna kan benci a fili, ya saya mini kofi a wani ɗan kofi mitsitsi, in ce masa a garinmu da irin wannan ake ba jariri magani. Ya ce ai shi ya sa muke shan shayi a bokiti. Da ya gane ba na cin alade, kuma ba na cin abin da aka dafa da giya, sai ya sayo sabuwar tukunya ya rataye ta daban. Duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa ita ya ce, “Kada ka taɓa, wannan ta musulunta.”

Da azumi kuwa shi ne ladanina. Rana na ɓuya bayan dutse zai leƙo ta taga yana ihu.

“Alhaji, ta faɗi! Zo ka ci!”

“Ba ta faɗi ba, Kafinta, dutse ne ya tare ta.”

“Ka gan ta? To wanda ka yi wa azumin ma ya san garin nan dutse gare shi. Taliya na hucewa!”

Yana da 'yar gonar zaitun a bayan gari, mahaifinsa ya dasa itatuwan. Idan sanyi ya fara shigowa ake tsinka. A shimfiɗa raga a ƙasa, a riƙa sharce rassan da wani abu kamar mataji, a kwashe a buhu a kai inji a matse. Shi ba ya iya hawa tsani, ni nake hawa, yana ƙasa yana ba da umarni kamar sarkin noma. Man farko da ya fito ya zuba mini a kan gasasshen burodi, ya ƙona mini maƙogwaro, na yi tari har da hawaye. Ya yi ta dariya, ya ce yanzu na zama ɗan gari.

Ana nan ɗana da ke aiki a Dubai ya matsa mini. Ya ce sanyin Turai ya cinye mini gwiwa, in dawo kusa da shi, ya samo mini tsaron sito a kasuwar Al Ras wajen wani ɗan kasuwa. Aka fara neman biza.

A gidanmu ba a faɗin tafiya sai ta nuna. Haka na tashi na gani. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, ana kuma jin kunyar a faɗa ta fasa. Ko da zan je Hajji, wasu maƙwabtanmu sai ana jajiberin tashi suka ji, babu kuwa wanda ya ga laifina. Don haka na yi shiru, kuma a raina ban ɗauka ina ɓoye wa Kafinta komai ba. Jira nake lokacin sallama ya yi.

Wata yamma a kan benci ya ce mini 'yarsa ta kira, mijinta zai ɗauki hutu su zo tsinkar zaitun.

“Na ce su yi zamansu. Wannan surukin nawa ko tsani bai iya jinginawa ba. Ina da Alhaji.”

Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na ce Allah ya kai mu.

Biza ta fito tare da tikiti, ba da wani tazara ba. Ana gobe zan tashi na yi wanka, na sa babbar riga, na ɗauki takalmin fata na Kano da na ajiye masa, na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Shiru. Mai gidan burodi ta ce ai ya bi motar safe zuwa birni ganin likitan ido, a wajen ɗan uwansa zai kwana. Ba shi da wayar hannu, ta gida kawai gare shi mai igiya. Na rataye takalmin a hannun ƙofa. Washegari na tafi.

A Dubai ban rasa komai ba. Muna zaune a unguwar Al Nahda ni da ɗana da iyalinsa. Masallaci a kowace kwana, babu mai leƙen dutse ya gaya mini lokaci. A Al Ras Hausa ake ji ta ko'ina tsakanin buhunan kanumfari da citta, masu kago suna ta yalla yalla, wato a yi sauri, akwai ma inda ake sayar da tuwo. Sai dai babu mai zama. Wanda kuka saba da shi yau, gobe a ce bizarsa ta ƙare.

Da na huta na kira Kafinta in ce masa na sauka lafiya, kamar yadda ake yi a gida. Ya ɗauka, ya ji muryata.

“Na je asibiti nemanka,” ya ce. “Na je wajen 'yan sanda. Sai mai gidan hayarka ne ya ce ka ba shi makulli.”

“Kafinta, na zo sallama ban same ka ba.”

“Ana gobe? Da ka faɗa da wuri, da an fito da tebura titi, an dafa a tukunyarka, kowa ya zo ya rungume ka. Yanzu duk inda na shiga tambayata ake me na yi maka.”

Na so in bayyana masa al'adarmu, amma harshen nasu da nake ji na kasuwa ne da na wasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, mu muna ɓoye tafiya saboda mugun ido. Ashe su ma sun san mugun ido, har laya suke ratayawa dominsa. Ya fahimce ni sarai.

“To ni ne mai idon,” ya ce, ya ajiye waya.

Na yi ta kira bayan nan. Wani lokaci ta yi ta ƙara, wani lokaci a ɗauka a ajiye. Ɗana ya ce, “Baba, khalas, ya isa haka, ka ƙyale tsohon nan.” Ban iya ba. In na ga kwalbar man zaitun a kanti sai in tsaya ina juya ta kamar zan karanta.

Sai korona ta zo. Aka rufe Al Ras, muka zauna a gida, talabijin kullum Italiya yake nunawa. Na koma kira ba ƙaƙƙautawa, ɗana bai ƙara hana ni ba. Wata Lahadi aka ɗauka.

“Wa ke nan?”

“Alhaji ne.”

“Wane Alhaji? Ɓarawon da ya gudu ya bar takalmi?”

Na fashe da kuka, shi kuma ya kama tari yana zagina. Ya ce yana nan da ransa, ciwon bai ga abin ci a jikinsa ba. Ya ce zaitun ɗin waccan shekarar rabinsa a ƙasa ya ruɓe, takalmin kuma ya yi masa yawa, ko ƙafar raƙumi na auna. Bai ce ya yafe ba, ban kuma ƙara jin ya ce na zama ɗan gari ba. Amma daga ranar yana ɗauka.

Bayan an buɗe hanyoyi, wata rana ya ce, “Alhaji, buɗe kunnenka. 'Yata za ta zo ta tafi da ni Jamus. Na sayar da gonar. Da sauran lokaci, amma ina gaya maka tun yanzu, haka mutane suke yi. Za a kafa tebur. Ka zo.”

Takardata ta zama a Italiya ta riga ta mutu. Na gaya masa gaskiya ba zan samu zuwa ba. Ya ce to in kira ranar, lokacin abincin rana.

Na kira daga sito, lokaci ya kusa la'asar a wajenmu. Ya zaro kan wayar ta taga iya tsawon igiyarta, ya ajiye a kan tebur. Na zauna kan buhu ina jin ƙarar faranti da cokula, da muryar mai gidan burodi, da tsofaffin benci suna gardama a kan ƙwallo. Jefi-jefi wani ya ɗauka ya yi ihu, “Alhaji!” ya ajiye. Aka kira salla, aka tayar, ina zaune riƙe da waya. Sai da wani ya taka igiyar ko ya mayar da kan wayar, ban sani ba, layin ya yanke.

Yanzu lambar gidan ba ta shiga. 'Yarsa takan haɗa mu a wayarta, sai dai kunnensa ya yi nauyi, ina magana yana tambayarta me na ce.

Ku da kuke zaune a garin mutane, roƙona ɗaya ne. Wanda ya saba ganinku kullum a ƙofarsa, idan tafiya ta kama ku, ku gaya masa da wuri, ko da za ta fasa.