Ranar da Na Kira Sunan 'Yata a Hanyar Agadas

Assalamu alaikum. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a aji huɗu na bar lekol, wato makarantar boko, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna goma sha tara, ina zaune gidan surukaina a wani ƙauye kusa da Dumega, da ɗiyata ta fari a goye, watanta biyar. Mijina magini ne, ya tafi aiki Agadas tun ina da ciki, bai taɓa ganin yarinyar ba sai a hoton waya. Da ya samu ɗaki sai ya aiko a kai mu. Tun ranar da saƙon nan ya zo abu guda ya tsaya mini a rai, kuma ba 'yan fashi ba ne, ba lalacewar mota ba ce. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, idan fitsari ya matsa ni a hanya, wa zan faɗa wa, kuma da wane baki? Na san wasu za su yi dariya. Matan da suka taɓa doguwar tafiya su kaɗai cikin maza, su ba za su yi ba.

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, shi ne zai kai mu. Ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, yana da tsohuwar mota da yake kai gero arewa, shi ke tuƙi da kansa, abokin sana'arsa yana zama gefensa. A wurinmu wan miji kamar uba yake. Ban taɓa kallon idonsa ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi, kaina a ƙasa. Kwana huɗu suka yi suna shirin tafiyar nan a gindin dogon yaron ƙofar gida, ni kuwa in na kai musu fura sai in ɗan jinkirta wajen kwashe ƙore ina saurare. Wallahi sun yi shiri, ba zan rage musu ba. Za a tashi daga Dogon Dutsi bayan asuba, a bi ta Ƙonni, a kwana Tawa. Washegari a wuce Abalak, a shiga wurin da kwalta ta mutu, a kwana a hanya, rana ta uku a shiga Agadas. Sun tanadi taya biyu, da esansi, wato man mota, cikin bido, jarkar roba, da takardun da jandarma za su tambaya. Sun ware bido biyu na ruwa don mota kawai, wai injinta yana saurin zafi, dole a riƙa tsayawa ana ba ta. Har wurin mai gashin naman da za su tsaya a Ƙonni sai da suka yi gardama a kansa. A duk kwana huɗun nan ba wanda ya juyo ya tambayi mai goyo abin da take buƙata. An lissafa ni ne kamar buhu na goma sha ɗaya, wanda za a sa a kujerar baya.

Da damuwar ta ishe ni sai na tafi wurin gwaggona, wadda ta taɓa zuwa har Damagaram, na faɗa mata a ɓoye. Ta yi dariya ta ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, duk macen kirki ta san dabarar. In daina shan ruwa tun jajibirin tafiya, kada in kusanci fura ko kunu, in riƙe ƙuli-ƙuli da dabino, in maƙogwaro ya bushe in jiƙa leɓe kawai. Ta ce ita haka ta yi, ta je ta dawo ba wanda ya ji bakinta, har direba yana yaba mata. Na tambaye ta nono fa, ta ce nono daga jini yake, ba daga randa ba. Na yarda da ita, don ta girme ni kuma ta yi tafiya. Na manta ita lokacin sanyi ta tafi, kuma ba ta da goyo. Ni kuwa tsakiyar bazara ce, lokacin da ko kaza ba ta yawo da rana.

Rana ta farko na yi abin da aka ce. Ina baya, buhunan gero sun danne ni ta gefe guda, tagar ɓangarena ba ta buɗuwa. Yarinya tana cikin hijabina, ni da ita muna zufa. Ko nonon ma ba na ba ta yadda na saba, don duk lokacin da na motsa sai in ga kamar Yaya yana ganina ta madubi, sai in bari har ta yi kuka sosai tukuna. Sau huɗu aka tsaya ranar nan, ina ƙirgawa. Biyu don salla, biyu don a ba mota ruwa. Kowace tsayawa a fili ce fetal, ba ko kalgo da mutum zai raɓa. Su sai su ɗan matsa, su juya baya, su tsuguna, shi ke nan sun gama. Ni in yi alwala da ɗan ruwan buta, in kurkure baki in tofar, ina jin daɗi wai dabarar gwaggo ta yi aiki. Mun isa Tawa da la'asar sakaliya, muka sauka gidan wani masaninsu. Matar gidan ta kawo mini kwanon ruwa mai sanyi, na sha maƙwarwa uku na ajiye, don na ji Yaya yana cewa gobe tafiyar ta fi tsawo kuma ba a son tsaye-tsaye. Matar ta dube ni ta ce in ƙara, mai shayarwa ce ni. Na ce mata na ƙoshi. Wannan ƙaryar har yau tana ci mini rai.

Rana ta biyu tun hantsi kaina yake sarawa, harshena kamar tsumma. Yarinya ta yi zawo sau biyu kafin Abalak. Ta kama nono ta ja, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Na matsa da hannuna a ɓoye, abin da ya fito bai kai a kira shi nono ba. A Abalak an tsaya shan esansi, ga masu sayar da ruwa suna zagaya mota, na kau da kai. Da muka wuce garin hanya ta lalace, mota tana tafiya kamar raƙumi, ramuka da rairayi. Can sai kukan yarinya ya ragu, ya koma kamar na kyanwa, daga baya ya tsaya. Abokin Yaya ya ce alhamdu lillahi, gimbiya ta yi barci, kunnuwa sun huta. Suka yi dariya, suka ci gaba da hirar farashin gero.

Ni dai ban san karatu ba, amma ina lura da abu. Na taɓa tsumman da ke ƙarƙashinta na ji shi a bushe, kuma tun zawon safe ban canza shi ba. Na ɗaga hijabi na duba ta. Maɗigarta ta faɗa ciki kamar an danna da yatsa, idanunta a buɗe rabi, leɓenta ya yi fari. Na sa mata nono a baki, ba ta ko motsa ba. To a nan ne abu na biyu ya riƙe ni. Ɗiyar fari ce, a al'adarmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban manya, ba ta kiran sunansa, in yana kuka ma sai ta yi kamar ba nata ba ne. Ɗiyata kuma sunan surukata aka sa mata, wato uwar wanda ke tuƙa motar. Ban taɓa furta sunan nan ba tun ranar suna. Na ce Yaya, a hankali. Bai ji ba. Na sake cewa Yaya, yarinya ba ta da lafiya. Ba tare da ya juyo ba ya ce zafi ne, duk yara haka suke yi, in yi haƙuri, akwai inda dole mu kai kafin rana ta faɗi, komawa baya zai ɓata dukan shirin.

Ban san lokacin da na yi abin da na yi ba, amma ban taɓa nadamarsa ba. Na girgiza yarinyar na ƙwala mata kira da sunanta na yanka, da dukan muryata, sau uku. Na buɗe ƙofar mota tana cikin tafiya, na fitar da ƙafa ɗaya. Ya taka birki, buhu ya faɗo mini a kafaɗa. Ya juyo yana tambaya ko iska ce ta buge ni. Ranar nan na fara ganin ƙwayar idonsa. Na ce masa lafiyata lau, ɗiyata ce take mutuwa, ko ya juya motar nan zuwa Abalak ko in sauka in koma da ƙafa, in ya so ya faɗa wa ƙanensa inda ya bar mu. Abokin ya fara cewa haba amarya, a bi a hankali mana, na ce masa ba da shi nake ba. Na fita na kwance bidon ruwan mota, ruwa mai ɗumi mai warin roba, na kafa kai na sha har yana zuba a wuyana, na jiƙa gefen zane na shafe jikin yarinya. Yaya ya zo ya leƙa fuskarta. Nan take ya juya mota.

A gidan likita majo ɗin, wato shugabar masu jinya, mace ce, babba, mai tabarau. Ta ja fatar cikin yarinya ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Nan take ta sa mata ƙarin ruwa, ni ma ta ba ni ruwan gishiri da sukari kofi bayan kofi. Ta tambaye ni yaushe rabona da shan ruwa sosai, na ce shekaranjiya. Ta tambayi dalili, na faɗa mata gaskiya. Ta cire tabaran, ta ce ba ni ce ta farko da aka sauke mata daga mota a haka ba. Sannan ta leƙa waje ta kira Yaya, ta tambaye shi sau nawa ya ba motarsa ruwa tun daga Dogon Dutsi. Ya ce zai kai biyar. Ta ce matar ƙanensa fa, sau nawa? Ya sunkuyar da kai. Kafin magariba yarinya ta buɗe ido ta yi kuka, kuka na gaske mai cika ɗaki, bayan nan ta jiƙa mini zane. Ban taɓa murna da fitsarin yaro kamar ranar nan ba. Kwana biyu muka yi a Abalak kafin majo ta sallame mu.

Kafin mu isa Agadas labari ya riga ya koma gida ta waya, amma ba labarin yarinya ba. Abin da ya zagaya ƙauye shi ne matar wane ta yi wa wan mijinta tsawa a gaban baƙo, ta kira sunan surukarta gatsal, ta rungume ɗiyar fari tana kuka kamar wadda ba ta da tarbiyya. Gwaggona ta aiko cewa na kunyata su, ita da ta yi tata tafiyar ba wanda ya ji kanta. Mijina, da ya riƙe yarinyar ya ga yadda ta rame, idonsa ya kawo ruwa, amma duk da haka ya ce in kira gida in ba da haƙuri a wuce wurin. Na ce masa zan gaida Inna surukata, zan gaida Yaya, zan gode masa da ya juya mota, don ya juya ɗin. Amma ba zan ce na yi kuskure da na buɗe baki ba. In haƙuri za a bayar, ɗiyata zan ba, don ita na zalunta kwana biyu saboda kada a ce ba ni da kunya. Mun yi sati ba ma shiri da shi a kan wannan magana. Ban janye ba, har yau kuma ban janye ba.

Bayan shekara da za mu zo ganin gida, ni na shirya tafiyar da kaina. Na bi matan unguwarmu waɗanda suka saba hanyar, na tambaye su garuruwan da ake tsayawa, ina ne akwai makewayi, ina ne akwai gidan likita, na sa mijina ya rubuta mini a takarda bi da bi. Na ɗauki bidona na ruwa, nawa ni da ɗiyata, da babban zane wanda mata biyu za su riƙe wa ta uku ko a fili ne. A tasha, kafin in shiga mota, na je wurin direba na ce masa ina da goyo, zan sha ruwa, kuma in na ce ya tsaya to ya tsaya. Ya yi dariya ya ce hajiya ko soja ce. Na ce masa uwa ce. Da na yi magana a hanya aka tsaya, mata biyar ne suka biyo ni, har da wata tsohuwa da ta ce tun safe take addu'a Allah ya sa wata ta fara.

Kunya abu ce mai kyau, da ita aka rene ni, da ita zan reni ɗiyata. Amma wadda ta sa na zauna ina kallon maɗigar jaririyata tana faɗawa ina tunanin abin da za a ce, wannan na bar ta a hanyar Abalak kuma ba zan koma ɗaukarta ba. Har yanzu akwai masu yi mini kallon fitsararriya in na je biki a Tibiri, can wajen gida. Su yi ta yi. Yarinyar tana nan, tana gudu a tsakar gida, da sunanta nake kiranta.

Roƙona gare ku kaɗan ne. 'Yar'uwa, in za ki yi doguwar tafiya da goyo, ki sha ruwa, ki ba da nono ko gaban wa, ki riƙa duba tsumman yaro, in ya daɗe a bushe ko kukansa ya mutu ki yi magana da ƙarfi. Ku kuma maza, in kun zauna shirin hanya kuna lissafin taya da esansi, ku aika a tambayi matar da za ku ɗauka. Ku tsaya inda akwai abin raɓawa, kuma kada ku jira sai ta roƙa, don da wuya ta roƙa. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa matan gidansu wannan.