Yatsu Huɗu a Kan Sallayar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shekara goma sha tara yana guga a ɗakin wankin wani babban otal, can ƙasan bene inda babu ko taga. Mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya juya shi ciki da waje. In ka ba shi kyautar riga, ɗinkin hammata zai fara dubawa. In fara'arka ta yau ta fi ta jiya, zai tambaye ka me kake so. Ni kuwa Lauya yake kirana, don ni ce mai cike masa takardu, kuma wai bakina ba ya mutuwa.

Yana da wata koriyar sallaya da yake ajiyewa a kan wata kanta, bayan injin busar da kaya. In an tashi hutun rana sai ya shimfiɗa ta a lungu ya yi azahar, sannan ya zauna shan shayi da amininsa, wanda kowa ke kira Mai Tabo saboda shi ke cire tabon miya da na tawada daga kayan baƙi. Kawu ke zuwa da filas da kofi biyu, tun ranar da suka fara aiki tare. Shi kaɗai ne Musulmi a ɗakin, kuma duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Sai bana. Sau uku cikin wata guda ya nemi sallayar ya rasa. Karon farko ya tsince ta a kwandon tsummokaran goge banɗaki. Sauran biyun kuwa sai washegari ta dawo kan kantar, an wanke, an goge, an ninke ta gida uku an cusa kusurwa ɗaya ciki.

A ɗakin wanki kowa da irin ninkinsa, ana gane shi kamar rubutun hannu. Wannan ninkin na Doguwa ne, wata sabuwar ma'aikaciya da ba ta gama watannin gwaji ba. Ba ta cika magana ba, ba ta kuma haɗa ido da mutane. Ina jin haka na gama yanke hukunci. Ba a taɓa yi ba sai da ta zo, to me ya rage?

Wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ba Kawu fom ɗin ƙorafi, ya kuma faɗa masa gaskiya: in sunan mai zaman gwaji ya hau wannan takarda, ranar za a sallame ta. Ranar hutunsa na je gidansa da biro, raina a ɓace, ina alla-alla in rubuta.

"Akwai gurabe huɗu, Kawu," na ce. "Ɗaya za ka zaɓa. Wariya a wurin aiki. Tsangwama. Tsoron Musulunci. Ƙin jinin Musulmi."

Ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama, ya duba bayanta, kamar wani tabo zai gani.

"Wa ya zauna ya tsara waɗannan sunayen?"

"Masana, Kawu. An daɗe ana gardama a kansu. Wasu sun ce tsoro ne ke kawo abin. Wasu sun ce a daina lulluɓe shi, a kira shi ƙiyayya kai tsaye."

"Tsoro?" Ya dubi ƙafafunsa da tsayuwar guga ta kumbura. "Ni ɗin? Lauya, ko kyanwar gidan nan ba ta matsa mini."

"To wariya."

"Ba a hana ni komai ba. Hutuna na nan, aikina na nan."

"Saura ƙin jini ke nan. Kawo sunanta in rubuta, mu wuce wurin."

Ya ture takardar gefe. Na ji haushinsa ƙwarai, don na ɗauka irin halin manyanmu ne na a yi haƙuri, a bar wa Allah, har a taka mutum a wuce. Na faɗa masa haka, har da ƙari. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya shiga ɗaki ya fito da sallayar ya shimfiɗa a kan tebur.

"Ke da kike da ido, duba nan."

A gefe guda, wajen geza, koren ya koɗe a wuri huɗu, ɗigo-ɗigo a jere. Ya juya ta, ga na biyar a baya, ya fi sauran faɗi. Ya ɗora yatsunsa a kai, suka zauna daidai.

"Ruwan cire tabo ke cin launi haka," ya ce. "A kulle yake a kabad. Mutum ɗaya ke da makulli, mutum ɗaya ke sa hannu a ciki. Ita yarinyar tsamo ta take yi daga kwando ta wanke mini, ba ta ko so in sani. Ke kin taɓa ganin wanda zai jefa abu cikin ƙazanta, ya dawo ya goge shi gida uku?"

Sai a nan na gane Mai Tabo yake nufi. Saura ƙiris in raba baiwar Allah da abincinta.

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun ranar farko."

"Kuma kuna ta shan shayi tare?"

"Ina jira ne ko zan ga kuskure na yi." Ya shafa wurin da babban yatsa. "Tun bara ya canja. Kullum kansa na cikin waya. Sai ya ɗago ya ce mini, ku mutanen nan kaza, ku mutanen nan kaza, ya yi dariya. Ni ma in yi. Da ya kwanta a asibiti ni na riƙe masa aikinsa sati shida."

Ban taɓa ganin Kawu ya yi wa wani kyakkyawan zato ba sai wannan karon, kuma shi ne ya ci shi. Tausayinsa ya kama ni.

"Duba mini da kyau," ya ce. "Cikin huɗun nan, wanne ne na wanda kuka shekara sha tara kuna cin abinci tare?"

Na ce babu.

"To sa na ƙarshen. Ki rubuta sunansa da manyan baƙi, kada su ce ba su gane ba."

Na rubuta, ya sa hannu. A gidan na kwana. Da safe zai fita, matarsa ta miƙo masa filas da kofi biyu kamar kullum. Ya tsaya yana kallonsu a hannunta, har ta tambaye shi ko lafiya. Ya karɓi filas ɗin da kofi ɗaya, ya ce ta mayar da ɗayan kabad.