Malam Bukar da gonar Baba Ilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karyawa ɗazu da safe waya ta shigo daga Haɗeja, wai Malam Bukar ya rasu.

Shayin yana nan inda na ajiye shi.

Yawancinku ba ku san shi ba. Shi ne sufeton ma'adinai mai zagaya wuraren fasa dutse da haƙar marmara a ƙasar Haɗeja, tun muna cikin Jihar Kano, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ana ta shimfiɗa hanyoyi. Ni kuwa heluma ne a wajen wani ɗan kwangila, ga ƙuruciya ga ɗagawa, ina ba lebura oda kamar ni na haife su.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba. A farko ko ƙarar babur ɗinsa na ji sai raina ya ɓaci.

Kun san ƙasarmu yashi ce da laka, dutse wuya yake yi. To sai muka dace da marmara mai kyau a kan wani tudu wajen Kafin Hausa, a ƙarƙashin gonar wani dattijo, Baba Ilu. Ita kaɗai gare shi, da geronta yake ci da gidansa. A gaban dagaci ya ba mu ita aro, a kan in mun gama za mu mayar masa ya ci gaba da shuka.

Ranar da za mu sa diga Malam Bukar ya zo. Ya tsuguna ya tona da hannunsa, ya ce, "Heluma, ka ga baƙar ƙasar nan ta sama? Ba ta fi kamu ɗaya ba. Ku kankare ta ku tara gefe guda, kada kowa ya taɓa. In kun gama ku cika ramin da ɓaraguzai, ita za ta hau daga ƙarshe. Haka doka ta ce, kuma sai na gani da idona zan sa hannu a takardar rufe ramin."

Na ce to, ranka ya daɗe. A raina kuwa dariya nake yi.

Ni ɗan Auyo ne, a fadama na tashi. A wurinmu ko ka yashe ƙasa, in kogi ya cika zai kawo maka sabuwar laka, ba ka roƙi kowa ba. Ban taɓa ganin mutum yana tattalin ƙasa ba, sai na ɗauka ƙaƙale ne irin na 'yan boko.

Don haka da masu jakuna suka zo neman ƙasar yaɓe, na ce su kwasa. Ɗan abin da ya rage, ranar cike rami shi direban katafila ya fara turawa don shi ne kusa, ya tafi can ƙasa. Muka baje jan tsakuwa a sama, sumul. Har tsayawa na yi ina yaba aikina.

Sai ga Malam Bukar, Baba Ilu na biye da shi da sungumi a kafaɗa, don an fara haɗa hadari. Tsohon ya sara sau ɗaya, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo. Ya matsa gaba ya sake sarawa. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗana, a ina zan sa irin?"

Ni da bakina na ce, "Baba kwantar da hankalinka, ai ruwa zai kawo ƙasa."

Malam Bukar ya ce, "Wane ruwan? Heluma, ɗaga kanka ka nuna min kogi. Nan tudu ne. Tun kakan Ilu ambaliya ba ta taɓa hawowa nan ba. Abin da ka bayar aka yi katanga da shi, wahalar kaka ce da uba da ɗa."

Kai! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ya ƙi sa hannu. Ba sa hannun nan kuwa, ba lasin buɗe sabon rami. Maigidana ya taso daga Kano yana ta faɗa, daga baya ya aika masa da rago. Washegari aka dawo da ragon, har da igiyarsa.

Da Malam Bukar ya ga dama takarda ɗaya zai rubuta a kore ni, ya huta. Amma korata ba za ta ba Baba Ilu gero ba, shi ma ya faɗa min haka. Abin da ya fara yi, ya koma wajen dagaci ya roƙa aka ara wa tsohon wata 'yar gona ya yi daminar a ciki. Bai taɓa gaya wa maigidana ni na bayar da ƙasar ba. Ni na faɗa da kaina, bayan shekaru.

Da ruwa ya janye, ya sa muka riƙa ɗebo laka da tifa daga bakin fadama, sama-sama, a inda masu wurin suka yarda. Ya ce, "Can ne maganarka take gaskiya, kogi zai mayar."

Sannan ya goya ni a babur zuwa rugar Arɗo Buba, ya roƙe shi ya sauke shanunsa a gonar su yi rani, yadda Fulani suke yi wa manoma don taki.

Arɗo ya ce, "Malam, shanuna ba sa kwana a kan tsakuwa."

Malam Bukar ya ce, "Ai shi ya sa na zo maka da heluma. Shi zai shimfiɗa musu laka da kara, shi zai kawo harawa da ruwa."

Haka na koma baran shanu, jama'a. Ni mai ba da oda, sai ga ni ina bin Fulani muna matsar da turaka duk bayan kwana uku don takin ya game ko'ina. Leburorina suna ta yi min dariya, wai heluman saniya.

Duk ranar kasuwar Kafin Hausa sai ya biyo. Yana da wani ɗan rodi da yake caka wa ƙasa ya ga zurfinta, da ƙullin goro a aljihu na lebura. Ya caka nan, ya caka can, ya ce, "Da saura." Kalmar nan ta ishe ni a lokacin, har mafarkinta nake yi.

Daminar farko wake ya yi, geron kuwa ya fito tsilla-tsilla. Na ce ai ya isa. Ya ce da saura. Shanu suka sake yin wani ranin.

A kaka ta biyu muka tarar da Baba Ilu yana ɗaure dami. Malam Bukar ya fito da takardar rufe ramin, amma bai buɗe biro ba. Ya ce, "Baba, ka karɓi gonarka?"

Tsohon ya ce, "Na karɓa, Malam."

Sannan ya sa hannu, a kan tankin babur.

Daga nan duk ramin da na buɗe har na bar aiki, tulin ƙasar sama nake fara kewayewa da ƙaya. Waɗanda suka koyi aiki a hannuna ma haka suke yi, wasunsu suna nan suna karanta wannan. Abin da mutum ya tona zai iya gyara shi, na gani da idona.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar Salla ne, a zaurensa. Idon ya tafi, amma ina yin sallama ya ce, "A'a, ɗan fadama ne?"

Na ba shi labarin na bi ta gonar kwanan baya, na tarar da jikokin Baba Ilu suna aiki. Na ce musu nan da kuke tsaye rami ne da, ya shanye tsayin mutum biyu. Suka kwashe da dariya. Babbansu ya ce, "Baba, ka dai manta wurin. Nan tun kakanninmu gona ce." Na ce Malam ka ji yaran zamani, ni za su ƙaryata?

Ya yi dariya har da tari. Da ya huta sai ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Kada ka ƙara yi musu gardama, Heluma. Abin da muka yi wa aiki ke nan."

Za a yi jana'izarsa bayan Azahar. Ina hanya.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa. Duk ƙwayar geron da ta fito a gonar nan, Allah ka sa a mizaninsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.