Kalmar da Ta Hana Ni Zuwa Ikko

A wajajen 1955 ina matashin manomi a Utai, ban san ko bihim a boko ba. Yayana kuwa fataucin shanu yake yi, yana saye a kasuwar Wudil, ya kai Ikko tare da wani abokin cinikinsa da ban taɓa yarda da shi ba, don ko gaisawa muke yi ba ya haɗa ido da ni.

Ana tsakiyar damina aka kawo mini wayar tangaraho daga Ikko. Na kai wa maƙwabcinmu, tsohon soja, ya karanta mini: YAYA BA LAFIYA STOP ZO IKKO STOP. Ya ce kalmar nan STOP ya san ta tun a bariki, in Bature ya faɗe ta, ko ƙafarka na sama sai ka tsaya. Wato dai an ce kada in zo. Nan zuciyata ta ɗauki zargi. Me ya sa za a gaya mini ciwo, a kuma hana ni zuwa? Na ce lallai abokin cinikin nan ne ya buga, yana so ya keɓe da Yaya. Na ƙi gaya wa Inna, na yi ta bin fatake ina tambayar halin mutumin, duk abin da suka faɗa sai in ji ya ƙara mini tabbaci.

Da abin ya ishe ni, na tafi gidan waya a Kano don in mayar da martani mai zafi. Akawun ya duba takardar, ya dube ni. Ya ce ai wannan kalmar ba ta cikin saƙon, ana sa ta ne kawai don mai karɓa ya san inda zance ya ƙare. Kirana ake yi. Na hau jirgin ƙasa, na isa Ikko na tarar an riga an binne Yaya. Mutumin da nake zargi shi ya yi jinyarsa, ya kuma ce har ƙarshe Yaya yana tambaya ko na iso.

Jikata mai aikin kwamfuta ta ce su ma suna da irin waɗannan kalmomi, masu gaya wa na'ura inda za ta tsaya da karatu. Na ce ta kiyaye su. Ku ma, in saƙo ya zo muku da kalmar da ba ku gane ba, ku tambayi masu aikin tun kafin ku zargi kowa. Ni sai da aka binne ɗan'uwana na tambaya.